Basillar Yaya Dije

Dogon Dutsi, Talata da la'asar

Zuwa ga ɗiyata Lami,

Sallama gare ki, da gaisuwa daga gidan da kika baro ɗazu. Allah Ya sa kin samu wurin zama mai kyau a mota, ba bisa taya ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare direbanku daga gyangyaɗi da gaggawa, Ya sauke ku Yamai rana ba ta faɗi ba. Allah Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da masu cin amfanin kunyar mutum.

Zan sa takardar nan a bakin jakarki, in ce miki ki buɗe ta da zarar mota ta bar tasha. Kada ki ce sai kin isa. Ina so ki gama ta kafin ku kai Kore Mairuwa, dalilin yana can ƙarshe. Na san ki da saurin karatu, littafin da wani zai kwana uku a kai ke tsakanin azahar da la'asar kin cinye shi. Akwai ɗan ƙunshi a cikin tsumma tare da takardar. Kada ki kwance shi tukuna.

Ke ce ta fari a wurina, kin san ba a saba uwa ta zaunar da 'yar fari ta dube ta ido da ido ba. Kwana uku ina neman bakin maganar nan. In na buɗe baki sai in ji na ce ki duba ko wake ya dahu. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, kuma da Hausa, don Faransanci ya taɓa ruɗa ni sau ɗaya, ba na son ya sake shiga tsakanina da gaskiya.

Tun ranar da aka karanta takardar kawunki a tsakar gida hankalina bai kwanta ba. Kowa ya yi murna da ya samo miki gurbi a gidan ɗinkin nan na Yamai, ni ma na yi. Amma ya ƙara wani layi da ya ɗauka albishir ne. Ya ce bara an rage ma'aikata, waɗanda suka rage suna aiki har bayan tashi, har ranar Lahadi, don haka mai zafin hannu irinki za ta samu. Babanki ya ce madalla. Ni na tashi na shiga ɗaki na zauna bakin gado. Na taɓa jin irin wannan albishir, ina da shekarunki ko ƙasa da haka.

Kin sha ji tsofaffin matan unguwa suna ce mini Rabi mai ƙusa. Kin taɓa tambayata kina ƙarama, na ce miki sunan wasa ne. Ba sunan wasa ba ne.

A shekara ta biyu ko ta uku da samun mulkin kai na fito lakwal, makarantar boko, da sartifika, ina da shekara goma sha shida. Babu gurbi a ofis, sai aka samo mini aiki a mangaza, wato siton wani kamfani mai sayen gyaɗa, can bakin gari ta hanyar Kiéché. Lokacin gyaɗa ita ce dukiyar ƙasar nan. Da kaka ta yi, jakuna da raƙuma ba sa yankewa. Maza su auna, su cika buhunan algarara, mu mata mu rufe musu baki, 'yan dako su jera su har kamyo, babbar motar kaya, ya zo.

Rufe bakin buhu aikin mutum biyu ne. Ɗaya ta kama kunnuwan buhun biyu, ta tokare shi da gwiwa, ta ja bakin ya miƙe. Ɗaya ta bi shi da basilla da zare. Riƙo ya fi wuya. Algarara tana cin yatsu har su tsage, buhu kuma nauyi gare shi, yana neman kifewa. Sabuwar zuwa ita ake ba riƙo, sai ta shekara biyu ko uku kafin a ba ta basilla.

Wadda aka haɗa ni da ita sunanta Dije. Ta girme ni da shekara goma sha wani abu, Yaya nake ce mata. Mijinta ya tafi cin rani kurmi bai dawo ba, ya bar ta da ɗiya biyu, Hajo da ke lakwal da jaririya a goye. Duk mangazar babu mai ɗinkinta. Basillarta tata ce ta kanta, wani maƙeri a Ɗan Kassari ya ƙera mata, bakinta ya ɗan lanƙwasa yadda take so.

Ni kuwa ba a wurin nake ba. Matar mai gidan waya tana ba ni aron littattafan soyayya na Faransanci, masu hotuna, in ta gama da su. Kullum akwai ɗaya soke a ƙugun zanena. A cikinsu yarinyar talaka ce, tana aiki a kanti ko a ofis, ba ta magana, sai wata rana wani mai taye a wuya ya lura da ita a cikin mutane. Ina riƙe da buhu ina ganin kaina a hoton. Yaya Dije takan taɓa ni da gindin basilla ta ce, "'Yar lakwal, sauko daga jirgi, buhu na jiran ki." Matan su yi ta dariya, ni in sunkuyar da kai.

Sau biyu buhu ya kuɓuce mini gyaɗa ta watse a ƙasa. Duka biyun ta ce wa mai awo ita ce ta ja da ƙarfi. A na ukun ta kama hannuna ta dubi yatsuna da suka yi jini, ta ce wannan hannun biro aka yi shi don shi, ba algarara ba. Ta miƙo mini basillarta, ita ta koma riƙo. Ta koya mini yadda ake ƙulla farko, da yadda ake tsallake kabu don zare ya isa. Cikin wata ɗaya na iya, har na fi wasu tsofaffin hannu sauri. Ta riƙa nuna ni tana cewa ita ta haifi wannan ɗinkin.

Da rana tare muke cin abinci. Tana zuwa da dambu da zogale a ƙwarya, ta rataye ragayar a wata ƙusa da ke jikin ginshiƙin da muke aiki a gindinsa. In jaririyar ta yi kuka sai ta koma gefe ta ba ta nono, ni kuma in zaro littafina.

Akwai ƙungiyar ma'aikata, sandika muke ce mata. Kowace kaka ana rubuta masu ɗinki a matsayin ma'aikatan dindindin, a ba su kati. Masu riƙo 'yan aikin yini ne, ba su da kati. Ranar da aka zo rubutawa basilla tana hannuna. Aka rubuta ni mai ɗinki, aka rubuta ta mai riƙo. Na dube ta, ta ɗaga kafaɗa ta ce baɗi a gyara, ai aikin bai san takarda ba. Na san ya kamata in ce wa mai rubutun basillar tata ce, ni aro aka ba ni. Amma maza ne tsaye, ni kuwa ban taɓa magana gaban maza uku a haɗe ba. Na yi shiru, na karɓi katin.

Lami, kin gado ni a nan, shi ya sa nake tsoro. Mutane suna yaba miki kunya, ni ma ina jin daɗi in an yaba. Amma akwai wurin da shirunki zai zama hukunci a kan wani. In ana rubuta abu a gabanki kin san ba haka yake ba, ki faɗa a lokacin, ko da muryarki na rawa, ko da kanki a ƙasa. Ba sai kin iya tsara magana ba. Kalma huɗu sun isa. Abin da ya hau takardar ofis da wuya ya sauka.

Tsakiyar kaka sai kamyo suka yi jinkiri. Wata safiya shef ɗin mangaza, wato shugabanmu, Mushe Sani, ya tara mu ya karanta takardar da ta zo masa daga sama. An dakatar da masu riƙo duka, na ɗan lokaci, in aiki ya buɗe za a kira su. Yaya Dije ta sauke ragayarta daga ƙusa, ta gyara goyo. Na miƙa mata basillarta, ta ture hannuna. Ta ce in riƙe, mako biyu ne, kada in bar ta ta yi tsatsa.

Ba a yi kwana goma ba kamyo suka zo a jere, gyaɗa kuma ta taru har bakin ƙofa. Mu masu ɗinki muka koma riƙe wa juna, aikin ya ragu da rabi. Maimakon a kira waɗanda aka dakatar, sai aka ce duk mai kati da ke so ya tsaya bayan an buga ƙarfen tashi, daga la'asar zuwa magariba, da ranar Lahadi, za a biya shi ƙari mai kyau.

Delegenmu, wato wakilinmu na sandika, shi ne mai awo, Baba Arzika, dattijo mai gemu ɗan tsurut da ba ya ɗaga murya. Ya tara mu gindin gawon da ke bayan mangaza. Abin da na riƙe daga maganarsa kaɗan ne, don littafi yana buɗe a cinyata ƙarƙashin mayafi, na kai wurin da mai tayen zai bayyana abin da ke ransa. Na dai ji ya ce, "Awannin nan da za a ba ku ba kyauta ba ne. Na matan da ke zaune gida ne." Ya ce in an buga ƙarfe kowa ya ajiye basilla. Buhu zai taru, kamyo zai jira, mako ɗaya ba zai cika ba sai an kira su. Ya ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Na ga hannuwa sama, na ɗaga nawa, idona yana kan shafi.

Ki je taron sandika in an kira, ki bar littafi a ɗaki. Ban hana ki karatunki ba, ni ce ta ƙarshe da za ta hana. Amma kada ki ɗaga hannu kan abin da ba ki saurara ba. In kin ɗaga, kin yi alkawari ne ga mutanen da ba sa wurin, su kuma sun dogara da shi suna auna hatsin da ya rage musu.

Washegari da aka buga ƙarfe ina naɗe zare, sai na ga takalma masu sheƙi a gabana. Mushe Sani saurayi ne lokacin, daga Yamai aka turo shi, farar riga a goge kullum, biro biyu a aljihu, ga ƙamshi. Ban taɓa ɗaga ido na dube shi sosai ba, amma na daɗe da sa fuskarsa a hotunan littattafaina. Ya yi mini magana da Faransanci, a hankali, ya ce mini madmazel. Ya ce ya lura da hannuna, babu kamarsa a mangazar, ko zan taimake shi in tsaya. Ya lura da ni a cikin mutane, kamar yadda aka rubuta. Ban tuna gawo ba, ban tuna hannun da na ɗaga ba. Na ce to, Mushe.

Ba ni kaɗai na tsaya ba, kada in ɗora wa kaina abin da ya fi nawa. Mun kai mu biyar, duk masu kati. Ɗaya uwarta ba lafiya, ɗaya tana haɗa kayan ɗakin ɗiyarta, kowa da dalilinsa, kuma dalilan ba ƙarya ba ne. Ni ce kawai ba ni da wani dalili, gidanmu ba a rasa tuwo ba. Duk da haka tsayawarmu ba ta rushe shirin Baba Arzika ba, don mutum biyar masu riƙe wa juna ba su iya cin tulin nan. Daga baya na ji cewa Mushe Sani har ya rubuta takardar neman a dawo da masu riƙo, tana cikin durowarsa, yana jiran motar wasiƙu.

Mu biyar ne, biyu biyu, ni na zama saura. Ina tsaye gindin ginshiƙinmu ba mai riƙe mini, ina jin kunya kada ya fito ya gan ni hannu sake bayan yabon da ya yi. Sai idona ya faɗa kan ƙusar da Yaya Dije ke rataya ƙwaryarta. Na jawo buhu, na soka kunne ɗaya a ƙusar. Ɗaya kunnen na ɗaure da guntun zare na taka da babban yatsan ƙafa. Bakin buhun ya miƙe sumul. Na ɗinke shi ni kaɗai. Na jawo na biyu. Wallahi, Lami, daɗi na ji. Ban yi tunanin kowa ba, sai yadda zai yi in ya gani.

Ya gani kuwa. Ya tsaya bayana ya kalli buhu uku, ya ce in sake a hankali. Ya tafa hannu, ya ce ai ga amfanin lakwal. Na koma gida ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Kwana biyu bayan haka kafinta ya zo da dogon katako, ya kafa shi daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ya jera masa ƙusoshi, kowace da ƙugiyar zare a ƙasa. Takardar da ke durowa ba ta tafi ba. Masu riƙo ba a sake kiran ko ɗaya ba, a kakar nan ko a ta gaba. Kafin mako ya zagayo duk gari an san sunan abin: ƙusar Rabi.

Na daɗe ina juya wannan a raina, ga abin da na tsaya a kai. Dabara baiwa ce, ba zunubi ba. Da ban gano ƙusar ba, wataƙila wani ya gano ta wata shekara. Ke ma za ki ga hanyoyin sauƙaƙa aiki da wasu ba su gani ba, don idonki irin nawa ne. Amma ki duba lokacin da za ki fito da ita, da wanda za ki fara nuna wa. Ni na fito da tawa a makon da abokan aikina suke riƙe da numfashi, na kuma kai ta gaban mai ikon kora kafin masu riƙe mini buhu su sani. In kin gano wani abu, ki fara kai shi wurin abokan aikinki da delegenku, ku yi shawarar yadda zai rage wahala ba tare da ya rage mutane ba.

Ranar kasuwa Yaya Dije ta biyo ta ji ko an fara kira. Ina cikin ɗinki na ji matan sun yi tsit. Na juyo na gan ta tsaye da goyonta, ta rame. Ta bi katakon da kallo daga farko har ƙarshe. Ta zo ginshiƙinmu, ta sa yatsa ta taɓa ƙusarta, ta ɗan girgiza ta ta ji ko tana da ƙarfi. Wata daga cikin matan ta ce mata, da gangan don in ji, ai ƙanwarki ce ta yi miki magajiya.

Na jira ta zage ni. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Sai ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ai ta fi ni, 'yar lakwal. Ba ta tashi don ba da nono." Ta dubi basillar a hannuna, na ga ta dube ta, amma ba ta ce in ba ta ba. Ni kuma hannuna ya ƙi miƙewa. Ta yi wa matan sallama ɗaya bayan ɗaya, ta fita.

Baba Arzika bai yi mini faɗa ba shi ma. Ina kawo buhu kusa da ma'auninsa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ɗiyata, na ga hannunki a gindin gawo. Har na ƙirga shi." Shi ke nan abin da ya taɓa ce mini a kai har ya rasu.

Da ƙarin da na samu na sayi turmin atamfa mai ruwan ganye da littattafai sababbi na kaina, ba na aro ba. Atamfar sau ɗaya na ɗaura ta zuwa wani suna. Ina shiga wata tsohuwa ta shafa bakin zanen ta tambaye ni ko da ƙusa aka ɗinka shi. Na dawo na ninke ta. Ita ce wadda kika sha tambaya me ya sa take ƙasan akwati har asu ya taɓa ta.

Kafin damina Yaya Dije ta cire Hajo daga lakwal ta ɗora mata tallan ƙuli-ƙuli. Yarinyar tana da kai, mushensu, malamin lakwal, har gida ya zo yana roƙo a bar ta. Ba yadda za a yi. Da abin ya ƙi, suka kwashe suka koma wurin wanta a Kore Mairuwa. Duk lokacin da na ga sartifikarki a bango sai na tuna Hajo. Ban taɓa gaya wa babanki wannan ba.

Ni ma ban daɗe ba. Da kaka ta zagayo aka ga ai da ƙusa ko mazan da ke cika buhu za su iya rufe shi da kansu. Aka sallami masu ɗinki, da katinmu da komai. Sandika ta yi magana, amma wa zai tsaya? Waɗanda za su cika gindin gawo mun bari an kore su bara. Ranar da Mushe Sani yake karanta sunaye ya kai kan nawa, ya ɗaga kai yana tambaya wace ce Rabi. Ashe duk madmazel ɗin nan da nake kwana da ita a rai, sunana ne bai sani ba. Ban ce mugu ba ne, shi ma umarni yake bi, kuma ya so kamyonsa su tashi. Amma ki sani, in shef ya ce miki babu mai hannu irin naki, aikin yake yabo. Ki ce na gode, ki ci gaba da abin da kike. Wanda ya san sunanki shi ne wanda kuke cin abinci ƙwarya ɗaya.

Ba zan ce miki kada ki taɓa yin aikin ƙari ba. Ban san Yamai ba, ban san tsadar ɗaki ba, wata rana ciwo ko wata larura za ta sa ki tsaya, kuma ba na so ki zauna da yunwa don tsoron labarina. Abin da nake roƙonki, kafin ki ce to, ki tambaya awannin nan na wa ne. In aiki ne ya yi yawa kowa yana nan, bismillah. In kujerar da ke kusa da ke babu kowa, ki tambayi sunan mai ita, da inda take, da ko an ce za a kira ta. In abokan aikinki sun yanke shawarar tashi in an buga ƙararrawa, ki tashi tare da su, ko da shef yana tsaye a bakin ƙofa yana kallonki. Ki sunkuyar da kai in kina so, amma ƙafarki ta fita. Kuma kada ki yarda ki rage ke kaɗai a wurin aiki bayan kowa ya watse, wannan don tsaron kanki ne ma.

Akwai abin da ya fi damuna, na bar shi sai yanzu. Gurbin nan da kawunki ya samo miki, a wurin da aka rage mutane bara, ban san ko na wata ba ne. Wataƙila keken ɗinkin da za a zaunar da ke akwai wadda ta san kukansa. Ban ce ki ƙi aikin ba, ba ke kika kore ta ba. Amma in kin ga ana yi miki kallon gefe a makon farko, kada ki shige cikin littafi ki ce ba sa son ki. Ki gaishe su, ki kai abincinki inda suke ci, ki tambaya. Ki nemi delege da kanki tun kafin ya neme ki.

Yanzu ga dalilin da na ce ki gama kafin Kore Mairuwa.

Kin lura duk tafiyar da muka yi Doso tare, in mota ta tsaya a nan ba na sauka. Nakan ja mayafi in ce kaina ke ciwo, in aike ki ki sayo ruwa. Yaya Dije tana nan da ranta. Tana zama gindin dogon yaron da ke hannun dama in an fito daga Dutsi, da tiren ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa a gabanta. Kin taɓa saye a wurinta ba ki sani ba, ina kallonku ta tagar mota har ta yi miki gyara. Za ki gane ta da yatsun hannunta na dama, biyu sun lanƙwashe, aikin riƙon da ta karɓa a madadina ne. Shekara ashirin da wani abu ina cewa wannan karon zan sauka. Laifin ƙusa na yarinta ne. Wannan na rashin sauka da girmana na yi shi, kowace shekara sabo, kuma ya fi wancan nauyi. In kin ɓata wa mutum, ki je a makon. Kowane wata da ya wuce ƙafa tana ƙara nauyi.

Abin da ke cikin tsumman basillarta ce. Ban bar ta ta yi tsatsa ba, duk kaka ina shafa mata man gyaɗa.

Na san abin da nake ɗora miki ba ƙarami ba ne, ke da ko gaisuwar baƙi sai an tura ki. Na san kuma ni ya kamata in je. In ta buɗe ƙofa zan je, na yi wa Allah alkawari, motar farko. Ki sauka, ki ce wa direba ya ɗan jira ki. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce mata Inna. Ki ce ke ɗiyar Rabi ce, Rabi mai ƙusa, kada ki rage sunan. Ki miƙa mata da hannu biyu, ki ce na ce tata ce, tun ranar rubuta sunaye tata ce, ni ce ban faɗa ba. Kada ki haɗa da kuɗi, kada ki sayi komai don tausayi, za ta gane. Ki tambayi lafiyar Hajo. Duk abin da ta ce ki tsaya ki ji shi har ƙarshe, ko mai ɗaci ne, ki riƙe mini shi yadda ta faɗa.

In ta ƙi karɓa, kada ki matsa. Ki tafi da ita Yamai, ki ajiye ta a durowar kekenki, inda hannunki zai taɓa ta duk lokacin da aka buga ƙararrawar tashi.

Allah Ya tsare ki a hanya da masauki. Ya tsare ki daga sharrin mutum da na dare da na rana, Ya ba ki lafiya da abokan zama na gari. Ya sa albarka a hannunki, Ya sa kada abincinki ya fito daga bakin wani. Ki gaida kawunki da iyalinsa. Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci, kada karatu ya sa ki manta.

In kin rubuto, labarin Yamai ya jira layi na biyu. A na farko ki gaya mini ko ta karɓa.

Mahaifiyarki,
Rabi